Tandar Nasara a Bangon Ɗakina

Zuwa ga Hajiyata, matar marigayi Alhaji mai shadda, wadda muka sani a Stains, unguwar da ke gefen Paris, wadda yanzu take kwance a ƙasar Damagaram.

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda kika koya mini, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima, ya yalwata makwancinki, ya haskaka shi. Mu nan Lyon lafiya lau, sai sanyi, sai kuma ciwon gwiwar da kika sha yi mini alkawarin zai zo, ga shi kuwa ya cika alkawari. Maigidana Malam Isuhu yana nan, ya ajiye aiki, ya zama mai gadin talabijin.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanan baya 'yata ta ɗauki hoton bangon ɗakina ta sa a waya, mutane suka yi ta tambaya: waɗannan farantai masu ramuka na mene ne, a ina kuma aka samo su? Na fara ba su amsa, sai na ga ba zan iya ba da labarin farantan ba sai da ke. Saboda haka da ke zan yi maganar, su kuma su saurara daga gefe. Na san ba kya son a yi zancenki a bainar jama'a. Ki yi haƙuri, yau ba ki nan balle ki harare ni.

Kin tuna yadda na zo hannunki. Farkon shekarun tamanin ne, na sauka Paris da akwati ɗaya, zan shiga makarantar jinya. Alhaji abokin Babana ne tun suna yara a unguwar Birni, shi ya sa aka ce in zauna wurinku, can saman bene, a gidan da asansar ɗin da ke kai mutane sama yake aiki ran da ya ga dama. 'Ya'yanki duk maza ne, sun girma sun watse. Kika dube ni sama da ƙasa, kika ce na rame, kika zuba mini tuwon da sai da na yi kwana biyu ina fama da shi.

A shekarata ta biyu aka bugo waya shagon Alhaji cewa Innata ta rasu. Kafin labari ya iso kunnena an riga an rufe ta. Na kwanta na juya wa duniya baya. Daga baya Alhaji ya zo da labarin cewa kwanukan samira da tasoshin da ta daɗe tana tara mini a ƙarƙashin gadonta, domin jerena ranar da zan yi aure, sun shiga rabon gado, kowa ya ɗauki nasa. Ni da ke mun san abin da hakan ke nufi a wurinmu. Amaryar da aka kai ɗaki babu jere, dangin miji na shiga za su gani a bango cewa ba ta da kowa, kuma haka za su riƙa kallonta har ta tsufa a cikinsu.

Wata Lahadi kika yaye mini bargo. "Tashi mu tahi kasuwa, ban iya Faransanci ba," in ji ki. Ke da kika shekara da shekaru kina cinikinki da yatsu da harara, babu tafinta, babu wanda ya taɓa cutarki. Na san dabara ce, amma na tashi.

Kasuwar tsofaffin kaya ta Saint-Ouen kika kai ni, inda Faransawa ke zubar da kayan kakanninsu a kan tebura: agogunan da suka tsaya, madubai masu tsatsa, cokula baƙaƙe. Ina biye da ke ido a kumbure, sai kika tsaya cak a gaban teburin wani tsoho mai gashin baki, da lofe a bakinsa. Kika ɗauko wani faranti na tangaran, fari, da shuɗin zare a bakinsa, da ramuka shida zagaye da ƙaramin rami ɗaya a tsakiya. Kika juya shi, kika sa yatsa a ramin, kika ce, "Ikon Allah. Ashe Nasara ma suna cin masa. Dubi tandarsu, har da wurin zuma."

Tsohon ya cire lofe ya yi dogon bayani. Ya ce farantin cin kawa ne, wata halittar teku mai ɓawo biyu, kowace ɗaya da raminta, na tsakiya kuma na miyar da ake tsomawa. Ya ce a garin Limoges aka yi shi tun zamanin kakarsa, lokacin da gidajen masu hali kowane abinci da irin farantinsa. Ya ce da suna da yawa iri ɗaya, amma sauran duk sun farfashe, shi kaɗai ya rage, shi ya sa babu mai so. Na fassara miki ƙarshen zancen, na bar maganar kawa sai wata rana, don na ga yadda kike murna da tandarki.

"'Yan uwanshi duk sun tahi, shi ɗaya ya rage?" kika tambaya. Na ce haka ya ce. Kika ce, "To, naɗe mini shi."

A cikin bas muna komawa, farantin yana kan cinyarki cikin tsohuwar jarida, kika ce mini ba tare da kin dube ni ba, "Wannan shi ne na farko cikin jerenki." Na ce Hajiya, ko saurayi ba ni da shi. Kika ce, "Miji ba shi da wuya, ko a bakin tashar jirgin metro ana tsintarshi. Jere ne ke cin shekaru." Ranar na fara dariya tun bayan rasuwar, dariyar kuma ta ƙare da kuka, kika bar ni na yi abina har muka sauka.

Daga nan Lahadi ta zama tamu. Ba kullum ake samu ba, wani lokaci wata guda mu dawo hannu biyu. Kina da yadda kike zaɓe. Ki ɗalli bakin faranti da farce ki kasa kunne, yadda ake gwada tukunya a kasuwar Damagaram, in ya yi ƙara siririya lafiyarsa ƙalau, in ya yi shiru da tsaga a ɓoye. Ki ɗaga shi ga rana ki ga ko inuwar yatsunki za ta fito ta baya. Kuma ba ki taɓa kallon waɗanda suke cikakku a jere da 'yan uwansu ba. Kikan ce waɗannan suna da masu so.

Mai Gashin Baki, kamar yadda kika raɗa masa, ya gane ki. Ya riƙa ɓoye miki irin farantan a ƙarƙashin tebur, yana hango mayafinki sai ya fara ɗaga hannu. Akwai kore mai kamar ganyen kabewa. Akwai mai ruwan hoda da bakin zinariya da ta kusa gogewa. Akwai mai zanen ciyawar teku, wanda kika dage yakuwa ce. Akwai wani mai ramuka biyar kacal, kika sa masa suna Marowaci. Kowanne kika naɗe da ƙyallen shadda daga shagon Alhaji kika ɗora a kan almuru (kabad ɗinki mai madubi). Alhaji yakan ɗaga kai ya ce, "Hajiya, gidan masa za ki buɗe a Faransa?" Ke kuma ki ce in kin buɗe ba za ki ba shi bashi ba.

Asirin kawa ya tonu da sanyin ƙarshen shekara, lokacin da ake jera ta cikin kwanduna a ƙofar kantuna. Kika ga wani mutum ya ɓare ɓawo da wuƙa, ya matsa lemun tsami, ya ɗaga kai ya zuƙe abin ɗanye. Kika tambaye ni mene ne wannan. Na ce Hajiya, shi ne masar da ake ci a tandarki. Kika toshe baki da mayafi har gida. Washegari kika aika Alhaji ya tambayi malamin masallaci, malamin ya ce abin da ya fito daga teku halal ne. Kika ce, "Halal ne, ban musa ba, amma ba cikin farantaina ba." Kika sauko da su duka, kika wanke da ruwan zafi, kika turara su da turaren wuta, sannan hankalinki ya kwanta.

Na gama makaranta, na fara aiki, sai ga Isuhu. Ba a bakin metro aka tsince shi ba, a wurin wani suna ne a unguwar Sevran, amma kin sha cewa bambancin kaɗan ne. Ɗan Maraɗi ne, yana aikin wutar lantarki a Lyon. Kika yi masa tambayoyin da suka sa ya yi gumi cikin sanyi, sannan kika ce ya yi. Aka sa rana. Aka kuma ce wadda za ta jagoranci danginsa mata zuwa ganin ɗaki ita ce Gwaggo Saude, ƙanwar ubansa, 'yar kasuwar da ke zuwa Faransa sayen kaya. Kowa ya san bakinta. Abin da ta gani a ɗakina, shi za a ji a Maraɗi, daga can ya wuce Damagaram ya tarar da Babana.

Matan unguwa suka taru a kanki. Suka ce jeren amarya sabo ake yi, iri ɗaya, saiti-saiti. Suka ce tsofaffin farantan da matattun Nasara suka ci abinci a ciki, kowanne da launinsa, Saude za ta ce tsince-tsince aka yi wa marainiya. Wata ta ce a aika Kano a kawo samira. Kika sayi sababbin tukwane da kwanukan girki don a rufe bakinsu, amma kika ce bango na farantanki ne. Ni kuwa tsoro ya cika ni, Hajiya. Ina tsoron a raina ni, amma na fi tsoron a yi miki dariya a gabana, ina ƙarƙashin lulluɓi, ba ni da bakin rama miki.

Ba zan manta tafiyarmu Lyon ba. A cikin sabon jirgin ƙasan nan mai gudu, mai duba tikiti ya nuna miki inda ake ajiye kaya, kika nuna masa cinyarki. Kwali ɗaya a cinya, ɗaya a tsakanin ƙafafu, ɗaya a jikina, ga tandarki ta gaske, ta ƙarfe, a cikin jaka, ga bokitin ƙullu da kika ɗaure bakinsa da zane. Ko ruwa ba ki sha ba don kada ki tashi. Duk lokacin da jirgin ya girgiza sai in ga leɓenki na motsi da addu'a.

Gidan ƙarami ne, bango fari fes. Mai Gashin Baki ya ba ki wasu 'yan ƙarafuna masu ƙugiya da ake rataye faranti da su, ya ce gudummawarsa ce ta biki. Kika hau kujera da kanki, da nauyinki da gwiwarki, kika hana kowa taɓawa. Kika sa farin nan mai shuɗin zare a tsakiya, sauran suka zagaye shi har bango ya cika. Da kika sauko kika tsaya kina haki kina kallo, ni ma na kalla. Wallahi ya yi kyau, amma kyan bai rage mini tsoro ba.

Washegari da hantsi dangin miji suka iso. Ina zaune a kan gado cikin lulluɓi, ta cikin mayafi nake ganin komai. Gwaggo Saude ta shigo da ƙamshinta da awarwaronta, aka yi gaisuwa mai tsawo, sannan ta juya ga bango. Ta daɗe tana kallo. Ta matsa ta shafa bakin mai ruwan hoda da yatsa, inda zinariyar ta goge. Ta ce, "Waɗannan ai an ci abinci cikinsu." Ta ƙara dubawa ta ce, "Kuma babu biyu masu kama." Na ji wata ta ja numfashi, wata kuma ta danne dariya.

Sai kika shiga kicin, inda tandarki ta riga ta yi zafi, muka fara jin ƙamshin man gyaɗa da tsamin ƙullu. Can kika fito kika sake hawa kujera a gaban kowa, kika shiga sauko da jeren da kika sha wahalar ratayewa jiya. Abin da ba a yi ke nan, jere na kallo ne, ba na ci ba. Kika ɗauraye su, kika sa masa a kowane rami, zuma a na tsakiya, kika fara miƙa wa mata ɗaya bayan ɗaya.

Kowane faranti da abin da kika ce. Koren, kika ce ranar da kika saye shi ƙanƙara ke zuba, kuma makon ne yarinyar nan ta ci jarrabawarta ta farko. Mai yakuwa, shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ita asibiti, kika je kasuwa ke kaɗai, ba tafinta. Marowaci, ranar wata Sallah da ta ƙi cin abinci don ta tuna gida. Ni kaina ban san kina riƙe da waɗannan ba. Ina zaune ina jin shekaruna suna wucewa daga hannu zuwa hannu, hawaye suna jiƙa mini lalle.

Farin nan na tsakiya kika miƙa wa Gwaggo Saude. Kika ce, "Wannan na saye shi ba a yi arba'in ɗin uwarta ba."

Ta riƙe farantin ta ce, "Lokacin ina Isuhu?"

Kika ce, "Lokacin ban san ma an haihe shi ba."

Mata suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta dube ki sosai ta ce, "Ke mi ce ce tata?"

Na ɗauka za ki ce uwarta. Na so ki ce hakan, ko da yake na san halinki, domin tun farko da na gwada kiranki Inna kin hana ni, kin ce uwa ɗaya ce, kada in ɗauki sunanta in ba wata. Sai na ji kin ce, "Ba komi nike ba. Uwarta ce ta fara tari, Allah ya karɓe ta ba ta gama ba. Ni aikenta nike yi."

Gwaggo Saude ta sunkuyar da kai. Ta ɗauki masa ta tsoma a zuma ta ci, a hankali, har ta cinye. Ta goge yatsunta. Sannan ta ce, "To, aike ya iso." Ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗar da ta sa Bafaranshen da ke ƙasa da mu ya riƙa dukan rufinsa da tsintsiya. Sauran mata suka amsa, babu wadda ta kula da shi. Da za su tafi ta yi kamar za ta sa farantin a jaka, kika riƙe mata hannu kika ce masa aka ba ta, ba tanda ba.

Daga baya na ji abin da ta faɗa a Maraɗi. Ba ta yi maganar launi ko tsufa ba. Cewa ta yi matar Isuhu tana da gata, a kiyaye. Duk tsawon zamana a cikinsu babu wanda ya taɓa kallona kallon marar kowa, kuma ita ce ta zo ta yi mini zaman jego a haihuwata ta fari. Babana ma labarin ya tarar da shi kafin ya rasu, aka ce ya daɗe yana sa miki albarka.

Mace na haifa, kin sani. Muka sa mata sunanki. Tunda kuwa bakina ba zai iya kiran sunanki gatsau ba, sai aka yi abin da ake yi, aka ce a riƙa ce mata Inna. Ranar suna da kika ji, kika yi kamar ba ki ji ba, kika shiga kicin kika daɗe, kika fito kina cewa albasa ce. Ta bayan gida na samu abin da kika hana ni, Hajiya. Har yau a gidan nan kullum sai na kira Inna, kuma mai sunanki ce ke amsawa.

Kafin shekarun tamanin su ƙare kuka tattara kuka koma gida. Na yi ta cewa zan zo da rani mai zuwa. Sai wata rana waya ta sake yin ƙara, kamar wancan karon, kuma kamar wancan karon an riga an rufe ki.

Ban daina zuwa kasuwar tsofaffin kaya ba. Akwai irinta a nan Lyon, ina zuwa da sandata, ina ɗallin bakin faranti da farce, ina ɗaga shi ga rana. Yanzu an waye da su, akwai masu tara su da gaske, masu littattafai da gilashin dubawa. Wasu sun zo gidan nan sun gani, sun faɗa mini sunaye da shekaru, na ji daɗin sani, na kuma ba su masa a ciki, suka ci suna riƙe numfashi don kada farantin ya faɗi. Har yanzu ba na sayen wanda yake tare da 'yan uwansa. Kawar ma na ɗanɗana sau ɗaya a wurin aiki, don kada a ce ban gwada ba. Kin yi gaskiya.

Na gode, Hajiya. Na gode da Lahadin da kika yaye mini bargo. Na gode da sanyin da kika sha a bakin teburin Mai Gashin Baki saboda ɗiyar da ba ke kika haifa ba. Na gode da ba ki karɓi sunan uwata ba, kika ɗauki nauyinta kawai. Lokacin ina yarinya na ji zafin hanin, yanzu da na tsufa na gane cewa kin bar mini ita ne, kika ƙara mini ke.

Allah ya jiƙanki, ya jiƙan Alhaji, ya jiƙan Gwaggo Saude da bakinta. Allah ya sa kowane taki da kika yi a kasuwar nan ya zama haske a kabarinki. Allah ya haɗa ki da Innata a Aljanna, ku da ba ku taɓa ganin juna ba a duniya. In kun haɗu, ki kama hannunta ki faɗa mata da bakinki cewa aike ya iso, ko ɗaya bai fashe a hanya ba.

Wassalam.

Taki, wadda kika yi wa jere,
Mariyama, daga Lyon.